A Jos mun ga ƙarya ta yi 'ya'ya

Tun kafin kiran assalatu na ranar Juma'a, 8 ga Agusta, 2014, wayata ta yi ƙara, na duba na ga yayata ce take kira daga Bukuru. Duk wanda ya zauna a Jos ya san abin da kiran tsakar dare yake yi wa zuciya, don haka kafin in ɗauka har na fara lissafin inda kowane ɗan gidanmu ya kwana. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. "Tashi ka tashi yaran nan," in ji ta, "ku dafa ruwa ku zuba gishiri, kowa ya yi wanka ya kuma sha kafin gari ya waye, an ce cutar nan ta Ebola a iska take tafiya." Na ce, "Yaya, wa ya faɗa miki?" Ta ce maƙwabciyarta ce ta buga mata ƙofa, ita kuma ɗanta ne ya kira ta daga Abuja, shi kuma a waya ya gani. Da na leƙa waje na tarar da layinmu duk a farke, ana ta hura gawayi cikin sanyin nan na damina, mai shagon kan kwana ya buɗe da tocila a hannu, gishirinsa kuwa ya ƙare kafin a fito daga masallaci. A gidana an yi wankan, ban hana ba. Shan ne kawai na hana, domin mahaifiyarmu tana fama da hawan jini, kuma likita ya daɗe da hana ta gishiri ko a miya.

Kafin yamma hukumomin lafiya sun fito sun ce ruwan gishiri ba ya maganin Ebola, amma aikin gama ya gama. Jaridu sun ruwaito cewa a Jihar Filato mutum biyu sun rasu, wasu kimanin ashirin kuma an kwantar da su a asibiti saboda gishirin da suka ɗirka. Ita kuwa Ebolar, wadda wani matafiyi daga Laberiya ya shigo da ita Legas a ranar 20 ga Yuli, mutum 20 ta kama a duk faɗin ƙasar nan, 8 suka rasu, kuma ba ta taɓa leƙo Filato ba har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a watan Oktoba cewa Najeriya ta rabu da ita. A jiharmu dai saƙon waya ya yi kisan da cutar ba ta yi ba.

Na daɗe ina tambayar kaina dalilin da ya sa ni, da nake koyar da yara a makarantar sakandare, na bari aka zuba gishiri a bokiti a gidana. Da wani baƙo ne ya tare ni a Taminus ya ce in yi wanka da ruwan gishiri, ko juyowa ba zan yi ba. Yayata ce ta faɗa, matar da ta goye ni, wadda ban taɓa kama ta da ƙarya ba, kuma a daren nan ma ƙauna ce ta hana ta barci. Labarin bogi ba shi da mutuncin kansa, aron na mutanen kirki yake yi. Wanda ya ƙirƙire shi ba mu san shi ba, ba kuma za mu taɓa saninsa ba. Wanda ya miƙo mana shi kuwa uwa ce, ko kawu, ko limamin unguwa, ko abokin da aka yi shekara talatin ana cin tuwo tare. Duk ranar da labarin ya tashi ƙanzon kurege, amanar waɗannan mutane ce take raguwa, kuma amana ba ta tsirowa da saurin da take zubewa. Wannan ita ce ɓarnar da ta fi damuna, fiye da kowace ƙarya guda ɗaya komai muninta.

A da labari da mai shi yake tafiya. A majalisar ƙofar gida ko teburin mai shayi, in mutum ya kawo zance tambayar farko ita ce wa ya faɗa maka, kuma kowa ya san wanda in ya ce ya gani to ya gani, an kuma san wanda ko rantsuwa ya yi sai an bincika. Mai shaci-faɗi yana biyan bashin ƙaryarsa nan take, domin gobe ma a wurin zai zauna, kuma za a tuna masa. Sama da wannan akwai rediyo. Iyayenmu sun tashi da Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara tun 1957, da Rediyon Kaduna, kuma in dattijo ya ce an faɗa a rediyo to gardama ta ƙare. Rediyo ma yana kuskure, amma yana da suna da mazauni, akwai wanda za a tuhuma in ya yi ƙarya. Waya ta zo ta tsinke wannan igiya, ta bar mana ƙullin ƙarshe kawai, wato fuskar wanda ya turo.

Abin ya fi muni a saƙon murya, wanda shi ne jaridar mafi yawan mutanenmu, musamman waɗanda ba su yi boko ba da iyayenmu mata da ke cikin gida. Za ka ji murya mai natsuwa ta yi cikakkiyar sallama, ta yi salati, ta ce ita ma'aikaciyar asibiti ce ko kuma ƙanin mijinta soja ne, ba suna, ba gari, ba rana, sannan ta rufe da cewa don girman Allah duk wanda ya ji ya tura wa 'yan uwa. Saƙon da aka naɗa shekara huɗu da suka wuce a wata jiha sai ya dawo yau tamkar yanzu aka yi shi, tunda ba kwanan wata a jikinsa. In ka yi magana a zauren dangi na WhatsApp, amsar da za a ba ka guda ce: in kunne ya ji, jiki ya tsira. Na fahimci wannan amsa, kuma ba na raina masu ba da ita, domin mutumin da ya taɓa kwasar 'ya'yansa da gudu cikin dare yana da hujjar ɗaukar kowane gargaɗi da muhimmanci. Sai dai karin maganar a kan kunnen da ya ji gaskiya aka yi ta. Kunnen da ya ji ƙarya jefa jiki yake yi cikin halaka, wani lokaci jikin mai shi, sau da yawa kuma jikin wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Wannan magana a Jos tana da nauyi na daban, kuma dalilin yana cikin yadda garin ya koma. Kafin rikicin 7 ga Satumba, 2001, a cakuɗe muke zaune. A layin da na tashi akwai Berom, akwai Ibo, akwai Yarbawa da Angas, muna kai musu naman layya suna kawo mana shinkafar Kirsimeti. Rikicin 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, kowanne ya zo ya ƙara tace unguwanni, aka yi ta musayar gidaje da sayar da su da araha, har aka wayi gari Musulmi sun tattare a irin su Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos, Kirista kuma a irin su Unguwar Rukuba da Jenta Adamu da Kabong. Babbar kasuwar Taminus, inda kowa yake haɗuwa da kowa, ta ƙone a 2002, har yau ba ta dawo yadda take ba. Abin da wannan rabuwa ta kashe, wanda ba a cika sa shi cikin lissafin asara ba, shi ne mai ƙaryata jita-jita. A da in an ce ga waɗancan can suna shiri, sai ka leƙa ta katanga ka ga ɗaya daga cikin waɗancan ɗin yana wanke wa ɗansa kayan makaranta, zancen ya mutu a nan. Yau yaron da aka haifa bayan 2001 ya girma har ya isa aure, kuma kusan duk abin da ya sani game da mutanen da ke tazarar kilomita biyu da shi, a waya ya gan shi.

Abin da ya faru a watan Yunin 2018 ya isa misali. A ranar 23 ga wata aka kai hare-hare a ƙauyukan gundumar Gashish da ke Ƙaramar Hukumar Barikin Ladi, aka kashe mutane da yawa, akasarinsu Berom. 'Yan sanda sun ce 86, mutanen yankin sun ce adadin ya haura 200. Kisan nan ya faru, ba wanda ya ƙirƙire shi, kuma duk mai imani ya kamata ya girgiza da shi. Amma tun kafin a san haƙiƙanin abin da ake ciki, hotuna suka cika Facebook. Binciken da BBC ta fitar a watan Nuwamban shekarar ya gano cewa hoton wani jariri da aka sassara, wanda aka ce a Gashish ne, ya riga ya yi watanni yana yawo kafin harin, bidiyon wani mutum da aka fasa wa kai kuma a Kwango-Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012. Washegari matasa suka tare hanya suna fito da matafiya daga cikin motoci, aka kashe mutum 11. 'Yan sandan Filato da kansu sun ce hotunan nan sun taimaka wajen hura wutar. Ban kawo wannan don in ɗora wa ɓangare ɗaya laifi ba. Na sha ganin irin waɗannan hotuna a wayoyin unguwarmu, an juya labarin an ce gawarwakin Musulmi ne, na kuma ga yadda idanun samarinmu suke kaɗawa in sun kalla. Hoto ɗaya yakan yi wa ɓangarorin biyu aiki, addinin mamacin kawai ake sauyawa.

A ranar 23 ga Yunin nan dai, a ƙauyen Nghar na yankin, Imam Abubakar Abdullahi ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kirista, ya fito ya tsaya a gaban maharan yana roƙonsu, ya ƙi miƙa kowa. Dattijon nan da abin da idonsa ya gani ya yi aiki, kuma waɗanda ya gani maƙwabtansa ne da ya san su da sunayensu. Labarinsa ya bazu daga baya, har gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019, amma bai yi gudun da hoton Kwango ya yi a daren farko ba. Wasu masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun bi diddigin labarai kimanin 126,000 a Twitter, suka wallafa a 2018 cewa ƙarya ta fi gaskiya saurin isa ga mutum 1,500 da kusan ninki shida, kuma mutane ne suke tura ta da hannunsu, domin abin da ya ba da mamaki ko tsoro ko ƙyama shi ya fi motsa yatsa. Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Mu a nan mun binne 'ya'yanta a maƙabartun Musulmi da na Kirista.

Ko ba a zubar da jini ba, akwai asarar da muke tafkawa a kai a kai. Wata rana ina kan titin Ahmadu Bello wajen sayen littattafai sai na ga mutane sun ɓarke da gudu. Masu shaguna suna ta jan ƙofofi, wata mai tumatir ta bar tirenta ya kife a kwalta, 'yan keke suna juyawa a tsakiyar titi, iyaye suna ta kiran makarantu. Na tambayi wani saurayi da ke gudu kusa da ni me ya faru, ya ce, "Wallahi Baba ban sani ba, an dai ce an fara." Wannan kalma ta an fara duk ɗan Jos ya san ta, ba ta bukatar a faɗi abin da aka fara ko inda aka fara shi. Bayan awa biyu gari ya lafa, ba abin da ya faru a ko'ina, mai tumatir ta dawo tana tsince abin da ƙafafu suka rage mata. In aka yi haka sau biyar sau goma sai jiki ya mutu, ranar da gargaɗin gaskiya ya zo a ce ai irin na rannan ne.

Yayata da ta tashe ni saboda gishiri yau ta koma ɗaya gefen. Da rigakafin sankarar bakin mahaifa na 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, wanda aka ƙaddamar a ƙasar nan a watan Oktoban 2023, ya iso Filato, saƙonni suka yi ta yawo cewa dabara ce ta hana haihuwa. Ta hana a yi wa jikarta. Na je har gida na zauna na yi mata bayani, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ni fa yanzu ba na yarda da kowa. Na waya ƙarya, na gwamnati ƙarya. A bar min yarinya yadda Allah ya yi ta." Ba ta ce ta gaskata saƙon ba. Ta dai kai matsayin da kowace magana ɗaya ce a wurinta, ta likita da ta mai saƙon murya, kuma wanda ya kai nan sai ya zaɓi ƙin yin komai, yana ganin ya tsira, alhali nan ma ƙaryar ce ta ci riba.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma zan zama azzalumi in na ɗora wa yayata da ire-irenta laifin duka. Da ta ce na gwamnati ƙarya, tana da abin da za ta nuna. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano. Cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Shekara bakwai bayan gwajin, da aka ce ɗigon rigakafin shan inna yana ɗauke da maganin hana haihuwa, zancen ƙarya ne, amma ya faɗa a ƙasar da aka riga aka yi wa huɗa. Kano ta dakatar da rigakafin a 2003 har zuwa Yulin 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara suka shanye. A lokacin ba WhatsApp, ba wanda ya san Facebook a nan. Waya ta tarar da rashin yarda ne a kwance, ta ba shi abin hawa.

Kuma ba a daina ba shi abinci ba. Kwana biyu bayan sace 'yan matan Chibok a watan Afrilun 2014, hedikwatar tsaro ta sanar cewa an kuɓutar da su in ban da takwas, iyaye suka ce ba su ga 'ya'yansu ba, aka janye sanarwar, alhali fiye da 200 suna hannun 'yan Boko Haram. A nan gida, a watan Oktoban 2020, bayan watannin da mutane suka yi a kulle saboda korona suna jin ana ta maganar tallafi ba su gani a ƙasa ba, jama'a suka fasa wani rumbu a Bukuru suka tarar da buhunan abinci jibge har sama. Hukumomi sun yi bayani daga baya, ba na kuma goyon bayan wawaso, amma wanda ya ga buhunan nan da idonsa, da wane baki za ka ce masa kada ya yarda da jita-jita? A cikin watan ne kuma rundunar soja ta riƙa buga tambarin labarin bogi a kan rahotannin harbin da aka yi a Lekki, daga baya kwamitin shari'a da gwamnatin Legas ta kafa ya ce an harbi masu zanga-zanga an kashe wasu. Duk ranar da mai mulki ya kira gaskiyar da ba ta yi masa daɗi ba da sunan labarin bogi, ya dushe kaifin kalmar, kuma ranar da zai bukace ta don kashe wata ƙaryar da za ta ƙone gari, ba za ta yanka ba.

Wannan ne ya sa ba na cikin masu kiran a kafa doka mai tsanani a kan kafafen sada zumunta, duk da na san da yawansu da kyakkyawar niyya suke yi. An gwada. A 2019 Sanata Mohammed Sani Musa ya kawo ƙudirin da zai ba hukuma ikon yanke hukuncin abin da yake ƙarya a intanet, jama'a suka yi masa ca, ya kwanta. An rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Buhari, kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka, jita-jita kuwa ko a jikinta, tunda ta mutanenmu a WhatsApp take kwana. Sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, an fi saninsa da kamen 'yan jarida da masu sukar gwamnoni. Wanda ya ɗauko hoton Kwango ya ce Gashish ne ya cancanci ya tsaya gaban alƙali, kuma dokokin tunzura jama'a da muke da su sun isa a gurfanar da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a damƙa wa wanda ake tuhuma da ɓoye gaskiya muƙamin alƙalin gaskiya.

Su kansu 'yan siyasar da ke kukan labaran bogi, da yawansu suna da gonarsa. A Kano an daɗe da sanin sojojin baka a gidajen rediyo, yanzu kuma ga 'yan data, samarin da ake saya wa waya da kati don su wanke ubangida su shafa wa abokin hamayyarsa baƙin fenti. Har ta kai shugaban ƙasa mai ci a lokacin, Muhammadu Buhari, ya tsaya a ƙasar Poland a watan Disamban 2018 yana tabbatar wa 'yan Najeriya cewa shi ne da kansa, ba wani Jibrin daga Sudan ba. Mutane sun yi dariya, ni kuwa abin tsoro ya ba ni, domin al'ummar da za a iya sa ta shakkar wanda ke mulkinta, ba abin da ba za a iya sa ta shakka ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka fita ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Dalilan suna da yawa, har da ƙarancin takardun kuɗi da gazawar hukumar zaɓe wajen ɗora sakamako a shafinta a kan lokaci kamar yadda ta yi alkawari, amma na san mutane da dama da suka zauna a gida don sun gama yanke cewa komai shiri ne. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, wadda take iya ɗaukar fuskar malami ko likita da muryarsa ta sa shi tallan maganin da bai taɓa gani ba. Gani ya kori ji, in ji magabata, to ga shi ganin ma ya shiga layin abin tuhuma.

Kamfanonin da ke cin ribar zamanmu a shafukansu ba su ɗauki harshenmu da daraja ba. Binciken nan na BBC ya nuna cewa a 2018 masu tantance labarai huɗu kacal ne na cikakken lokaci suke yi wa Facebook aiki a Najeriya, ƙasar da a lokacin mutum miliyan 24 ke shiga shafin kowane wata. WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a 2019, abin ya ɗan rage gudu amma bai tsayar ba. Masu bin diddigi irin su Dubawa da Africa Check suna ƙoƙari, sai dai gyaran yakan fito a rubuce bayan kwana biyu, sau da yawa da Turanci, ita kuwa ƙaryar da muryar Hausa ta zo, cikin daren da aka yi ta.

A ganina darasin yana cikin yadda aka ci galabar shan inna, domin ba da kame aka ci ta ba. Kano ta koma rigakafi ne bayan an bar mutanenta sun yi nasu gwajin, aka kuma kawo maganin daga Indonesiya, ƙasar da suka amince da ita. Daga baya sarakunan Arewa a ƙarƙashin Sarkin Musulmi suka shiga aikin, masu unguwanni suka riƙa bi gida-gida, shugabanni suka ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a, har aka ayyana Afirka ta rabu da cutar a ranar 25 ga Agusta, 2020. An ɗauki tsoron mutane da muhimmanci, aka amsa shi ta bakin waɗanda suka sani. Haka nake so in ga hukumomin tsaro da Hukumar Gina Zaman Lafiya ta Jihar Filato suna yi: in abu ya faru a Bokkos ko Mangu ko Bassa, a fito cikin awa guda da murya, da Hausa da Berom da sauran harsunan jihar, a faɗi abin da aka tabbatar ko da mai ɗaci ne, a faɗi adadin gaskiya, in an yi kuskure a dawo a ce mun yi kuskure. Shirun awa shida da ake yi ana jiran umarni daga sama, a cikinsa ake naɗar saƙonnin da ke tare hanya.

Mu kuma da muke turawa, abin kunya ne a ce mu ne muke sakaci da wannan, domin mun gaji ilimin da ba abin da ya fi kula da shi kamar wa ya faɗa. Malaman hadisi sukan yi tafiyar wata guda don su ji magana ɗaya daga bakin wanda ya ji ta, su kuma ajiye ruwayar mutumin da ba a san ko wane ne ba, komai daɗin lafazinta. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umarce mu da yin bincike in fasiƙi ya zo da labari, don kada mu cutar da wasu mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Maƙwabtanmu Kirista suna da irin wannan hani a Littafin Fitowa, sura 23, aya ta 1. Ina so in ji limamai da fastoci suna faɗa a fili cewa danna tura ruwaya ce, kuma wanda ya tura ya sa sunansa a cikin isnadi. Abin takaici, wasu masu wa'azin su ne suke karanto saƙon waya a kan mumbari ba tare da sun tambayi asalinsa ba, daga nan kuma ya zama abin da Malam ya faɗa.

Ni dai abin da ya fi yi mini amfani bai wuce lambar waya guda ba. Akwai wani abokin aikina Berom da muka koyar tare shekaru da dama, yana zaune a can ɓangaren Unguwar Rukuba. Mun yi alkawari cewa duk wanda ya ji an ce an fara a unguwar ɗayan, zai kira kafin ya gaya wa kowa. A watan Agustan 2021, bayan kisan matafiya a hanyar Rukuba da harin Yelwa Zangam, lokacin da aka sa dokar hana fita kowa yana ɗaki da waya a hannu, mun yi magana kusan kowane dare. Ya kira ni ya ce, "Malam, an ce mutanenku sun taru a masallaci za su hauro." Na fita na duba na ce masa tsofaffi ne shida suke sallar isha'i. Na kira shi a kan wani saƙon da ya ce ana raba makamai a cocinsu, ya ce yana tsaye a ƙofar cocin, a kulle take da kwaɗo. Kowannenmu ya koma zauren unguwarsu ya faɗi abin da ya ji, da sunansa da sunan wanda ya gaya masa. Wasu sun yarda, wasu sun ce an saye mu.

Kwanakin baya na tambayi ɗalibaina na aji shida, yara fiye da hamsin da aka haifa aka kuma raina a garin nan, ko su nawa ne suke da lambar wani Kirista ɗan Jos da za su iya kira cikin dare su tambaye shi abin da ke faruwa a unguwarsu. Hannu uku ne suka tashi, ɗaya daga ciki ma ta ce lambar tsohuwar maƙwabciyar kakarta ce, kuma ba ta da tabbacin matar tana nan da rai.